Iska da rufin kwano: Me ya hana binciken gwamnati isa hannun kafintan Unguwar Gano?

Duk lokacin da hadari ya haɗo daga gabas a watan Mayu ko Yuni, magidanta a Unguwar Gano da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni sun fi fargabar iskar da ke share wa ruwa hanya a kan ruwan kansa. Cikin 'yan mintuna takan yaye rufi, ta karya turakun lantarki, ta bar iyali a fili ruwa na dukan kayansu.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Jami'an hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ko ta tarayya, NEMA, su zagaya su ƙirga ɓarna, idan an yi sa'a a raba bandir-bandir na kwano da ƙusa da siminti. Sai dai kafintan da ya buga rufin farko shi zai buga na biyu, kuma yadda ya saba zai yi. Ke nan an sayi sabon kwano an ajiye wa iskar baɗi.

Yadda iska ke ɗage rufi

Idan iska ta bi ta saman rufi da gudu, zuƙo shi take yi sama, kuma ta fi ƙarfi a gefuna da kusurwoyi. Idan ƙofa ko taga ta ɓalle, iskar da ta kutsa ɗaki sai ta riƙa tura rufin daga ƙasa. Haka kuma, in gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin da take dukan gini da shi yakan ninka sau 4.

Shi ya sa rufi ke cin amana a mahaɗa biyu: inda ƙusa ta riƙe kwano da katako, da inda katako ya zauna a kan bango. Tsadar kayan gini ta sa mutane da dama na sayen kwano marar kauri, su rage katako, su tsallake ɗaurin langa-langa ko rodin da ya kamata a binne cikin kankare. Ginin soro na gargajiya, mai azara da rawani, yana da nauyi, kuma bai bar wa iska bakin da za ta kama ba. An koma kwano, amma ba a taho da wannan dabarar ba.

Ina binciken ya tsaya?

Najeriya ba ta rasa cibiyoyi ba. Tun 1978 aka kafa Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI. Asusun TETFund na ba malaman manyan makarantu kuɗin bincike, kuma akwai sassan koyar da injiniyancin gine-gine a Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil da ABU Zariya. A 2006 kuma aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa.

Matsalar ita ce tsara birane hurumin jihohi ne, don haka kundin ba ya da haƙora sai jiha ta tilasta aiki da shi. A Kano, hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, amma mai ƙara ɗaki ɗaya a cikin lungu ko mai sauya rufi ba kasafai yake ganin injiniya ba. Magini da kafinta ne ke yanke hukunci, su kuwa ba da su ake zaman gabatar da maƙala ba.

Guguwar da ta afka wa garin Bauchi a Yunin 2018, wadda ta hallaka mutane ta rusa gidaje masu yawa har Shugaba Muhammadu Buhari ya je jaje, ta isa zama izina.

Darasi daga Amurka

Bayan guguwar Andrew ta ɗaiɗaita kudancin jihar Florida a 1992, bincike ya gano raunin ɗaurin rufi, jihar ta fito da kundin gini na bai-ɗaya da ya fara aiki a 2002. A 2004 majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin ƙasa na rage ɓarnar guguwa. A jami'ar FIU da ke Miami ma akwai wurin gwaji mai manyan fankoki 12, inda ake sakar wa gini iska a ga inda zai fara karyewa. Muhimmin abu shi ne sakamakon ya koma doka, dokar kuma ta isa hannun mai guduma.

Kano ba ta buƙatar fankokin Miami kafin ta fara. Bayanan gudun iska na hukumar NiMet, da binciken rufin da ya tashi kafin a kwashe tarkacensa, da gwajin kwano da ƙusar da ake sayarwa a kasuwa, sun isa a fitar da taƙaitaccen jagora da Hausa mai zane: tazarar ƙusa, kaurin kwano, da yadda ake ɗaure katako da bango. Ƙungiyoyin kafintoci da rediyo za su iya yaɗa shi, SEMA kuma ta haɗa shi da kowane bandir da ta raba.

In ba haka ba, magidancin Unguwar Gano zai ci gaba da biyan kuɗin rufi ɗaya sau biyu.