Wa Ya Tambayi Rema?

Tifofi cike da tsakuwa sun sake hana mutane barci a wannan mako, kuma duk wanda ya yi ƙorafi amsa ɗaya ake ba shi: "Ai dutse ne kawai, me ke cikinsa?" Mai wannan shafi ya gaji da jin wannan magana.

Akwai rema a cikinsa. Makiyayan gindin tsauni sun san ta sarai. Da hantsi remaye sukan fito garke guda su baje a falalen dutse suna shan rana, domin jikinsu ba ya riƙe ɗumi sosai. Ɗaya na can bisa tana gadi, da ta hango gaggafa sai ta ƙwalla ƙara, kafin ka ce kwabo duk sun shige tsaga. Tafin ƙafarta na da laushi da danshi, shi ya sa santsi ba ya kayar da ita. Masana sun ce dangin giwa ce na nesa, kuma cikinta yakan haura wata bakwai kafin ta haifi biyu ko uku. Ga shi ba ta gina rami kamar gafiya. In nakiya ta rusa tsagar, shi ke nan, ba ta da wani gidan.

Akwai kazar dutse, akwai hano da kukuki masu cusa saiwa inda babu ko tafin ƙasa. A duwatsun Jos ma akwai wani ɗan jan tsuntsu da sai a 1998 kimiyya ta ba shi suna, kuma an san kwasakwasa da ƙyanƙyasa a ƙololuwar dutsen Wase.

Gaskiya ne ana buƙatar tsakuwa don titi da gini. Amma a ce kowane tsauni ganima ne? A watan Satumbar 2018, da ƙasa ta motsa a Mpape, nan take hukumomin Abuja suka dakatar da fasa dutse, saboda girgizar ta kai kunnen manya a Maitama. Rema kuwa ba ta da wakili a majalisa, kuma masu ba da lasisi tan nawa za a ɗiba kawai suke lissafawa.