Hadarin Da Ya Wuce Funtua, Ina Ya Nufa?

Kowane manomi na ƙasar Funtua da Malumfashi ya san hadari daga gabas yake tasowa. Da la'asar sai gari ya haɗe, iska ta taso da ƙura, ta kwantar da masara, ta yaye kwanon ɗaki, sa'an nan ruwa ya kece. Bayan sa'a ɗaya ko biyu ya yi yamma. Amma ba kowa ya san inda yake ƙarewa ba, alhali kuwa akwai abin koyo a cikin tafiyar tasa.

Ga yadda abin yake. Da damina iskar teku mai laima takan shigo daga kudu maso yamma, ta tarar da busasshiyar iska mai zafi ta Hamada. Can sama kuwa akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Hadarin da ya haɗu bisa tsaunukan Habasha, ko Darfur, ko Azbin, ko dutsen Jos, ita ke kora shi. Yana tafe yana watsewa yana sake haɗuwa, ya ratsa ƙasar Hausa, ya bi ta Mali, har ya faɗa Tekun Atlantika wajen Dakar. Daga watan Yuni zuwa Oktoba, kusan kowane kwana uku ko huɗu sai wani ayari ya fita.

Yawancinsu a teku suke mutuwa. Amma in ɗaya ya tarar da ruwan teku da ɗumi, watau kamar digiri 27, sai tururi ya riƙa tashi. In tururin ya kai sama ya zama girgije, yakan saki zafin da ya ɗauko, zafin nan ya ƙara jawo iska daga ƙasa. Juyawar duniya kuma ta sa iskar ta kama kewaya, ta bar wani fili shiru a tsakiya wanda ake kira ido. In gudunta ya kai mil 74 a sa'a, to, ta zama mahaukaciyar guguwa. Mafi yawan manyan guguwar da ke faɗa wa Amurka da tsibiran da ke kusa da ita daga wannan hadari na Afirka suka samo asali. Ɗumin teku shi ne abincinta, da ta hau tudu sai ƙarfinta ya ragu. Don haka ba ta zuwa Funtua.

To, me ya sa manomin Bakori ko Kafur zai damu da ita? Domin ta nuna a fili ba ƙarfin iska kaɗai ke kashe mutane ba, har da halin da ta tarar da su. Cikin watan Satumba 2004 wata guguwa da aka sa wa suna Jeanne, wadda ta faro daga gaɓar Afirka ta Yamma, ta bi ta gefen ƙasar Haiti. Talauci ya sa mutanen ƙasar sun sare itatuwan kan duwatsunsu sun yi gawayi. Ruwa ya gangaro da laka ba abin da zai tare shi, mutum wajen 3,000 suka mutu, galibi a garin Gonaives. Guguwar nan ta isa Florida ta Amurka da ƙarfin da ya fi na da, amma waɗanda ta kashe can ba su kai goma ba. An faɗa musu tun da wuri, suna da hanya da mota da gini mai ƙwari.

Ƙasa mai arziki takan yi hasarar dukiya mai yawa. Katrina ta 2005 ta yi wa Amurka ɓarnar wajen dala biliyan 125, amma ƙasar ba ta durƙusa ba. A can ma talakawan birnin New Orleans marasa motar gudu su suka fi shan wuya. Ƙaramar ƙasa kuwa, kamar tsibirin Dominika da Maria ta bi ta kansa cikin 2017, dare ɗaya ta yi hasarar abin da ya fi ninki biyu na samunta na shekara.

Kada a ce sai mai kuɗi ke iya shiri. Cikin watan Nuwamba 1970 guguwa ta kashe mutum aƙalla 300,000 a ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash. Bayan haka suka gina mafaka masu tsawo, suka koya wa mutanen ƙauye yin shela da lasifika in labari ya zo. Da Sidr ta zo cikin 2007 da ƙarfi irin wancan, mamata bisa lissafin gwamnati wajen 3,400 ne. Suna da yawa, amma a dubi bambancin.

Ƙasar Katsina ma ta ɗanɗana. Ruwan dare ɗaya cikin watan Yuli 2018 ya hallaka fiye da mutum 40 a Jibiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, kuma tsagar bangon ƙasar nan sananniya ce: saran itace, da gini bisa hanyar ruwa, da rashin jin labari kan lokaci.

Saboda haka manomi ya bar ɗorawa da gawo a gonarsa, ya dasa jerin darbejiya ta gefen gabas don su karya iska. Ya yi kunya a gicciye gangare, kada ruwa ya tafi da ƙasa da taki. Ya yi wa masara huɗa da wuri, kada kuma ya cunkushe shuka, domin dogon kara maras ƙwari shi ke fara kwanciya. Mai gida ya ɗaure rufinsa da bango tun bazara. Ɗan kasuwan Dandume ya jera buhunansa bisa katako, ba a ƙasa ba. Wanda ya ci bashin noma ya tambayi banki batun hukumar inshorar noma, NAIC, tun bai shuka ba.

Ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa nasu ya fi nauyi. A yashe magudanan ruwa kafin watan Yuni, a hana gini a bakin rafi. Hukumar yanayi ta NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, amma takardar da ke kwance a ofis ba ta amfani manomi da kome ba. A juya ta da Hausa, a karanta a rediyo, a kai wa dagatai da masu unguwa su faɗa a kasuwa.

Iska ba ta da linzami, gaskiya ne. Amma itace da kunya da magudana da shela duk a hannun mutane suke, kuma da rani ake yinsu.