Abin da Katsina Ta Rasa, da Tashar Jirgin Bauchi

Malaman tarihi na Turai sun daɗe suna ta'ajibin birnin Benis, wanda ya mallaki tsibirai da tashoshin Bahar Rum da ƙarfin jiragen fatakensa, har Fotigis suka kewaye Afirka suka isa Indiya a 1498, cinikin kayan yaji ya soma zamewa daga hannunsa sannu a hankali, kafin Napoleon ya rushe daularsa a 1797. Mu ma muna da irin wannan ƙissa, illa dai namu bahar ɗin rairayin Sahara ne.

A ƙarni na 17 da na 18 babu wani birni a ƙasar Hausa da ya kai Katsina karɓar ayari, domin nan Larabawan Gadamus suke sauke alharini da takarda da murjani bayan sun ratso Agadas, nan Buzaye suke kwance mangul ɗin Bilma daga bayan raƙuma, su koma da jima da baƙaƙen rawuna, da kuma bayi, abin da bai halatta mu ɓoye ba. Arzikin nan kuwa shi ya riƙe zaurukan ilmi irin na Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Da birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, tsoffin sarakunansa suka kafu a Maraɗi, yaƙi ya ƙi ƙarewa, madugai suka karkata akalarsu zuwa kasuwar Kurmi ta Kano, saboda falke ba ya kai dukiyar amana inda babu aminci. Lokacin da Bature matafiyi Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna Katsina ba su wuce 8,000 ba a cikin katafariyar ganuwar birnin, alhali Kano tana da kimanin 30,000.

Ra'ayina shi ne hanya da zaman lafiyarta su ne asalin arzikin gari, kuma mu mutanen Bauchi ya wajaba mu yi tsokaci. Jirgin ƙasa ya iso mana a 1961, ya zarce Gombe da Maiduguri, yau kuwa ciyawa ta rufe dogo, duk buhun da ke shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal sai ya biya kuɗin mota mai tsada, talakan unguwar Ɗan Iya kuma shi ke biyan bambancin a kan mudu. Ana shimfiɗa sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, madalla da haka. Muna roƙon wakilanmu a majalisa, don Allah, su tsaya tsayin daka a farfaɗo da layinmu na gabas kafin 'yan kasuwarmu su gama ƙaura.