Zancen Gida: In Ɗaki Ya Yi Mana Kaɗan

'Yan'uwa, a ce ikkilisiya a Gusau ta buɗe shafin intanet. Makarantarta ta Tsafe ta roƙi wuri, zumuntar mata ta Bungudu kuma ta biyo baya. Sai a zuba su duka a asusu guda, a biya haya ɗaya. Ba laifi, tattalin baikon jama'a ne.

Amma mu tuna, zaman nan kamar na gidan haya ne. Babbar kwamfuta ɗaya ta kamfani ke ɗauke da mu tare da baƙi masu yawa. Ɗakinmu kuwa ƙofa ɗaya, mabuɗi ɗaya. In ɓarawo ya shiga ta shafi guda, ya sami hanyar sauran. In ma'aji ya manta biya, duka ukun su rufe rana ɗaya.

To, yaushe za mu raba? In shafi ya soma nawar buɗewa ranar da iyaye ke duba sakamakon jarrabawa. In hotuna da wa'azi sun cika wurin. In makaranta ta fara karɓar kuɗi ko ajiye sunayen yara. In mabuɗi ya shiga hannu da yawa.

A Farawa sura 13, garkunan Abram da Lutu sun yi yawa har makiyayansu suka yi faɗa, sai suka rabu lafiya. Mu kada mu jira faɗa. Dattawa su zauna tun da wuri, a ba makaranta nata asusun. Kafin ƙaura kuma, a kwafe kome a ajiye.

Allah shi ba mu hikima.