JARI BA YA KWANA CIKIN DUHU

Da wuya shekara ta wuce ba a ji an tara makaɗa da maroƙa a wani fili a bayan gari a Arewa ba, a kafa rumfuna, wani babba ya shafa siminti a kan bulo guda, sa'an nan a shaida wa jama'a cewa an aza harsashin unguwar masana'antu wadda za ta jawo masu jari, ta sama wa dubban samari aikin yi. Wanda duk ya koma wurin bayan damina biyu, abin da ya kan tarar shi ne katanga, da allo mai ɗauke da hoton gwamna, da awaki suna kiwo. A halin nan kuwa manyan motoci ba su fasa kwasar samari a kan buhunan albasa zuwa Kurmi ba.

Wannan magana ta fi shafar 'yan Arewa mazauna Kurmi fiye da kowa. Mai dako a kasuwar Mile 12, da mai tura kurar ruwa a Agege, da maigadi a Fatakwal, da mai shayi a Sabon Badun, babu wanda sha'awar ganin teku ta raba shi da iyalinsa. Rashin abin yi ne ya koro su. Su ne kuma na farkon shan wuya duk ranar da al'amari ya ɓaci, kamar yadda aka gani sa'ad da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a wasu sassan birnin cikin 2020 da 2022, da kuma rikicin kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairun 2021. Saboda haka suna da hakkin su tambaya: ina ayyukan da aka yi ta alkawari a gida?

Akwai masu ilmin zamani da ke cewa gwamnati ba ta da abin yi cikin sha'anin masana'antu, ta janye hannunta kurum, kasuwa ta yi halinta. Waɗannan ko dai ba su karanta tarihin ƙasar nan ba, ko kuwa sun karanta sun yi biris. Unguwar masana'antu ta Ikeja, Gwamnatin Jihar Yamma ce ta shata ta a zamanin Cif Awolowo. Ta Trans-Amadi da ke Fatakwal, Gwamnatin Jihar Gabas ce ta kafa ta. A Arewa kuwa, Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ita ce ta haɗa jari da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri cikin 1957. Bayanta Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo, Kano kuma ta cika Bompai da Sharaɗa da Chalawa da ma'aikatun fata, da man gyaɗa, da alewa, da robobi. A lokacin, ɗan Kurmi ne ke hawa jirgi ya zo Kaduna neman aiki.

To, amma fa shugabannin wancan zamani da abin da ya kamata suka fara. Akwai auduga tana fitowa daga Funtuwa da Gusau da Gwambe. Akwai jirgin ƙasa, wanda hanyarsa ta isa Kano tun 1911. Daga baya madatsar Kainji ta soma ba da wuta cikin 1968, matatar man Kaduna kuma ta soma aiki cikin 1980, tana ba masaƙu baƙin man da suke hura tukwanensu da shi. Da waɗannan ginshiƙai suka zube ɗaya bayan ɗaya, wuta ta zama sai an gani, jirgi ya kwanta, matata ta tsaya, darajar Naira ta karye tun daga 1986, atamfar sumoga ta cika Kantin Kwari, sai masaƙun suka bi su. Kaduna Textiles ta rufe ƙofa cikin 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki cikin 2007. Katangunsu ba su rushe ba, filayensu ba su gudu ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali cewa fili da katanga ba su taɓa riƙe ma'aikata ba.

Cikin 1992 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar da ta kafa hukumar NEPZA mai kula da yankunan ciniki na musamman. Dokar ta yafe wa kamfanin da ya shiga irin wannan yanki haraji, ta yarda ya shigo da injuna ba kuɗin kwastan, ya kuma fitar da ribarsa yadda ya ga dama. An kafa yanki a Kalaba, an kafa a Fanisau ta Kano, an kafa a Maigatari ta Jigawa, an kafa a Lekki ta Ikko cikin 2006. A kan takarda duk rangwame iri ɗaya aka yi musu. Amma ina jarin ya nufa? Alhaji Aliko Ɗangote, haifaffen Kano, a Lekki ya gina ma'aikatar takin zamani da aka buɗe cikin 2022, da matatar mai ta ganga 650,000 a rana da aka buɗe cikin 2023, kusa da sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a shekarar. Sauran masu jari sun yi dafifi a Agbara da Ota da Shagamu cikin Jihar Ogun. Ba wanda zai ga laifinsu, kuma ba laifin mutanen Kurmi ba ne. Can akwai bakin teku, akwai kuma iskar gas da bututun gwamnati ke kawowa daga Escravos tun 1989, wadda ma'aikata za ta haɗa wutarta da ita cikin rahusa. Mai ma'aikata a Sharaɗa kuwa man dizal ya ke ƙonawa, kayansa kuma sai sun yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 a kan tirela, yana biya a kowane shinge. In an yafe wa mutum biyu haraji, ɗaya a bakin ruwa ɗaya a tsandauri cikin duhu, ba a yi adalci ba, an dai ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne.

Abin takaici shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa cikin 2020 aka ce shekara biyu zai ɗauka. Har 2024 ta ƙare iskar ba ta isa Kano ba. Sabuwar hanyar jirgi ta haɗa Abuja da Kaduna cikin 2016, ta haɗa Ikko da Badun cikin 2021, aka bar tsakiya a yanke, alhali an buɗe tashoshin tsandauri a Kaduna cikin 2018 da Dala cikin 2023, waɗanda amfaninsu bai cika sai da jirgi. Cikin Oktoban 2024 kuma, da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu. Wane mai jari ne zai ji wannan labari ya kwaso injunansa ya kawo? Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba a ke gane ta.

Ga wani sabon shiri kuma, na yankunan sarrafa amfanin gona, wanda aka ƙaddamar cikin 2022 da taimakon Bankin Raya Afirka, Kano da Kaduna suna cikin rukunin farko, aka aza harsashin na Kaduna cikin Afrilun 2025. Manufar tana da kyau, domin abin kunya ne a ce shanu da tumatir da citta da riɗi suna barin Arewa ɗanye, ribar sarrafa su ta faɗa wani wuri. Sai dai a tuna da ma'aikatar tumatir ta Kadawa da aka buɗe cikin 2016, wadda ta yi ta tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Inji ba ya aiki in manomi ya kasa zuwa gonarsa don tsoron 'yan bindiga, ko ya rasa iri da ruwa da farashin da zai fisshe shi.

Laifin nan na gida ne kafin na kowa: gwamnonin da suka fi son bikin buɗewa da aikin da ba ya fita a hoto, da attajiran da suka gwammace su jibge dukiya a gidajen Abuja da Dubai, ko su shigo da kayan da suka kashe masaƙun garinsu.

Saboda haka duk ranar da masu neman ƙuri'a suka zo gaisuwa fadar Sarkin Hausawa a Agege ko Shagamu ko Anaca, kada a sallame su don buhun shinkafa. A tambaye su: yankin da aka buɗe a jiharku, ma'aikata nawa ke aiki cikinsa, mutum nawa ke karɓar albashi? Daga ina wutarsa za ta fito, awa nawa a rana? Wace hanya kaya za su bi zuwa teku? Kuɗi nawa aka kashe, wa aka bai wa filayen, an kuwa biya manoman da aka karɓe wa gonaki? A buga amsoshin kowace shekara kowa ya gani. Gwamnan da ya gyara wuta da ruwa da hanya a Sharaɗa ko Kakuri ya fi wanda ya kewaye sabon daji goma. Ranar da injuna suka koma ruri a can, ba sai an roƙi kowa ya koma gida ba. Allah ya kai mai rai wannan rana, amin.