Bayan An Shafa Fatihar Roƙon Ruwa, Sai Me?

A duk watan Mayu, kafin damina ta kankama, mutanen lardin Yasoton da ke arewa maso gabashin ƙasar Tailan sukan yi wani biki da suke kira Bun Bang Fai. Sukan ɗura albarushi a cikin manyan bututu, da can na gora, yanzu na roba, su ƙawata su, su zaga gari da su ana kiɗa ana rawa, ranar ƙarshe kuma a harba su sama ɗaya bayan ɗaya. A imaninsu akwai wani abin bauta mai suna Faya Tan wanda ruwan sama ke hannunsa, harbin kuwa tuni ne ake yi masa cewa lokacin dashen shinkafa ya yi. Wanda nasa bututun ya ƙi tashi, abokai su ɗauke shi su jefa a taɓo. A wasu ƙauyukan, idan ruwa ya yi jinkiri, kyanwa ake sa wa a kwando a bi gida-gida da ita ana watsa mata ruwa, wai kukanta zai jawo hadari. Bahaushe zai ji wannan ya girgiza kai ya ce Allah ya raba mu da ɓata, kuma bai yi laifi ba. Sai dai ya kamata ya tuna cewa shinkafar da aka yi shekaru ana jibgewa a shagunan Gwarinpa da kasuwar Wuse, wadda muke kira 'yar Tailan, daga ƙasar mutanen nan ta fito. Su ma suna roƙon ruwa, mu ma muna yi. Inda muka bambanta shi ne abin da kowa ke yi bayan taro ya watse.

A cikin watan na Mayu, a filin Sanam Luwang da ke gaban babbar fadar Bankok, akan yi bikin huɗar farko a gaban sarki, al'adar da Sarki Bumibol ya farfaɗo da ita a 1960. Akan ɗaura wa fararen bijimai biyu garma su yi huɗa, ana bin bayansu ana yafa irin shinkafa. Daga nan sai a ajiye musu abubuwa bakwai: shinkafa, masara, wake, riɗi, ciyawa, ruwa da giya, abin da suka kai wa baki shi masu duba na fada za su fassara su ce ga yadda shekara za ta kasance. Wannan ɓangaren camfi ne, ba mai musu. Amma a dubi wanda ke riƙe da garmar: babban sakataren ma'aikatar gona ne da kansa. Irin da ake yafawa a gonar gwaji ta fadar sarki aka noma shi, ana kuma ƙulla shi a raba wa manoma a larduna, ranar kanta ita ce ranar manoma ta ƙasa. Da zarar an tashi, jama'a kan ruga cikin filin suna tsintar ƙwayoyin don su gauraya da irinsu.

Ba bijimai ne suka mayar da Tailan ɗaya daga cikin ƙasashe uku da suka fi sayar wa duniya shinkafa ba. A 1959 hukuma ta fitar da irin nan mai ƙamshi da ake kira Kawo Dok Mali 105, wanda ke jure ƙasa mai yashi da ƙarancin ruwa. A 1964 aka buɗe babbar madatsar ruwa ta Bumibol, a 1966 aka kafa bankin manoma da ƙungiyoyin gama-kai, a 1969 aka fara gwajin yi wa gajimare barbaɗi da jirgin sama don a sa shi zubar da ruwa, aikin da yanzu yake da hukuma sukutum a ƙarƙashin ma'aikatar gona. Manomin Tailan yana da nasa kukan, musamman na bashi, ba aljanna yake ciki ba. Abin lura shi ne ranar da ƙasar ke fitowa neman albarkar damina ita ce ranar da take tsayar da mai mulki a gona gaban idon kowa, ta kuma sa iri a hannun manomi.

Mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun kafin Musulunci ya game ƙasa, Maguzawa da Annan ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi suna yin buɗin daji, inda ake faɗin abin da ake tsammani daga shekara, ana da sarkin noma, ana da kalankuwa bayan amfanin gona ya zo gida. Tsofaffi suna lura da zuwan shamuwa da kaɗewar ganyen gawo su ce ruwa ya kusa, mai ƙarfin hali ya yi binne. Idan fari ya tsananta, a wurare da dama mata kan sa tufafin maza su fita tare da yara suna zaga gari, a dafa hatsi a yi sadaka. Sama da duk waɗannan akwai sallar roƙon ruwa, wadda sunna ce tabbatacciya: a fita filin idi da hantsi cikin tsofaffin tufafi, ba ado ba turare, a yi raka'a biyu a bayyane ba kiran salla ba iƙama, liman ya yi huɗuba ya yawaita istigfari, sannan ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, na dama ya koma hagu, jama'a su yi yadda ya yi. Duk almajirin da ya karanta Risala ya san wannan babi.

Abin da muka fi saurin mantawa shi ne sharuɗɗan da malamai suka gindaya kafin fitar. Sun ce shugaba ya umarci mutane da tuba, da sadaka, da mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu, sun kuma ja kunne cewa tauye mudu da hana zakka suna cikin abubuwan da ke jawo fari. Ke nan ranar hisabi ce tsakanin mutum da ɗan'uwansa kafin ta zama ranar ɗaga hannu. A shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin yunwar da ake kira shekarar toka, Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa ya gabatar da Abbas, baffan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma bai tsaya nan ba. Ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ayari ya riƙa shigowa Madina, aka kafa tukwane ana ciyar da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, ya jinkirta karɓar zakkar shekarar, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har aka fita daga ƙunci. Wanda ya fi mu sanin darajar addu'a bai ɗauke ta madadin shiri ba.

A nan ne maganar ta zo kan mu mazauna Gwarinpa. Wannan unguwa, da aka gina a zamanin Janar Sani Abacha, ake kuma yi mata kirari da rukunin gidaje mafi girma a Afirka ta Yamma, tana zaune ne a kan gonakin Gbagyi na doya da dawa. Yau idan hadari ya haɗu a watan Afrilu, abin da ke zuwa ran mai gida shi ne za a ɗauke wuta, hanyar Kubwa za ta cunkushe, kwata za ta cika. Tsakar gida an shafe da siminti har bakin katanga, ba inda ɗigo zai nitse, amma kowa ya haƙa burtsatse yana zuƙo abin da bai bari ya shiga ƙasa ba. Magudanai sun toshe da leda da robar ruwa. Mun mayar da damina matsalar mutanen ƙauye, sai ranar da mudun shinkafa ya tashi mu tuna da su, mu ma da zagi. Alhali ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma yake zuwa, ita kuma sama take jira. A irin waɗannan gidaje ne kuma manyan ma'aikata da 'yan majalisa da 'yan kwangila ke kwana, waɗanda sa hannunsu ke yanke ko taki zai isa Giwa da Dandume a watan Mayu ko sai an shiga marka.

A watan Agustan 2024 ruwa ya ɗauke na makonni a tsakiyar Najeriya, masara ta fara naɗe ganye, aka fita roƙon ruwa a garuruwa da dama, har da Minna. Wata na gaba madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Shekara biyu kafin nan, ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Ga kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, duk farkon shekara tana fitar da hasashen damina a nan Abuja, jiha-jiha: yaushe ruwan shuka zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron fari a tsakiyar damina. Ilimin yana nan, amma yakan ƙare a ɗakin taro da shafukan jarida, yayin da manomin da ya fi kowa buƙatarsa ke dogaro da shamuwa. Filin idi kuwa yana tara dubban manoma a wuri guda, a gaban liman da hakimi, kowa ya kasa kunne. Hasashen na can ba mai kai shi, taron na nan ba abin da ake faɗa masa bayan addu'a, kuma ba wanda ya ɗauki haɗa su a matsayin aikinsa.

Mai kishin addini zai ce me ya haɗa mu da masu harba wa gunki wuta, har za a kafa mana misali da su? Ba wanda ya ce mu ari imaninsu, ba mu ma da buƙata, tunda namu ya fi tsabta ya fi sauƙi. Malaman da suka yaƙi tsafe-tsafen da ke cikin tsofaffin al'adunmu, tun daga zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sun yi abin da ya wajaba a kansu. Amma lura da yadda wasu mutane suka tsara al'amarin abincinsu ba shirka ba ne, in ba haka ba da cin shinkafarsu ma ya zama abin tambaya. Hujjar ma ba daga Bankok ta faro ba. Tana cikin ƙissar Annabi Yusuf, wanda ya ji labarin fari na tafe ya sa aka yi tanadin shekara bakwai.

Wani kuma, daga ɗaya ɓangaren, zai ce ruwa lissafin iska ne da zafin teku, taron addu'a ɓata lokaci ne, a bar wa masana aikinsu. Mumini ba ya ganin karo tsakanin sanin sababi da roƙon Mai sababi, amma ko a ajiye wannan gefe, mai wannan magana bai san inda mutanensa suke ba. Malaman gona sun yi ƙaranci ƙwarai, manomi kuma ya fi yarda da abin da ya ji a bakin limaminsa da dagacinsa fiye da takardar da aka buga a Abuja. Duk wanda ke son ilimin yanayi ya isa gona, ta wannan ƙofa zai bi. Raina taron da jama'a suka yarda da shi ba wayewa ba ce, asarar hanya ce.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi: da zarar gwamnati ta sa hannu, abin zai koma biki da kwangilar rumfuna. Muna da shaida. A watan Janairun 2022 an jera dalar shinkafa a Abuja, shugaban ƙasa na lokacin ya buɗe, aka ɗauki hotuna, farashi kuma ya ci gaba da hawa. To, wannan hujja ce a kan biki marar hisabi, kuma shi ya sa ba sabon biki ake nema ba. Sallar roƙon ruwa ba ta cin ko sisi, ta ma hana ado. Abin da ake nema shi ne a dawo mata da sharuɗɗanta, a kuma faɗaɗa su zuwa dukan damina. Idan ana maganar mayar da haƙƙi, a ambaci takin da aka karkatar, da hatsin da aka ɓoye a sito ana jiran tsada, da diyyar gonakin da ba a biya ba, da burtalin da aka nome, da hanyar ruwan da aka gina gida a kai. Shugaban da ya zo sahun gaba da tsohuwar riga ya zo da amsar waɗannan.

Saboda haka kira na farko ga limaman Juma'a ne, na Gwarinpa da Kubwa da Dawaki har zuwa ƙauyukan Bwari: a ware huɗuba guda kafin saukar ruwa, a faɗi hasashen shekara da harshen da jama'a ke ji, a tuna wa mai kuɗi zakkar hatsi da haƙƙin manomi. Masarautu da ƙananan hukumomi su sa rabon iri da taki a rana sananniya, a fili, kafin shuka. Ƙungiyoyin mazauna unguwa su yashe magudanai a watan Maris, kowane mai gida ya bar wa ruwa wurin nitsewa ya dasa itace. Saukar da ruwa na Allah ne shi kaɗai, amma tanadinsa da hanyarsa da adalci ga wanda ke noma da shi an ɗora su a wuyanmu, kuma za a tambaye mu.