Kartar da Aka Haddace, da Abin da Ya Raba Ɗan Dabo da Ɗan Wala-wala

A ƙasar Hausa, duk wanda ya ja taro da abin da ido ya kasa bi, buhu ɗaya ake zuba shi. Ɗan dabo, da boka, da ɗan wala-wala mai jera karta uku a bakin tasha, duk siddabaru ake kiran aikinsu. Mutumin Kausani da ya shigo kasuwar Wudil ranar Juma'a, idan ya ga an faɗi katin da wani ya zara ba tare da an duba ba, ɗayan biyu zai ɗauka: ko aljanu, ko cuta. Ba safai ake kawo ta uku ba, wato hadda da lissafi, alhali ita ce gaskiyar lamarin. Wannan rashin rarrabewa kuwa maƙaryaci yake yi wa aiki.

Karta tana da kati 52, gida huɗu, kowane gida kati 13. Hanyoyin da za a iya jera su sun kai lamba mai alƙaluma 68, don haka kartar da aka cakuɗa da gaske babu mahalukin da zai san jerinta. Dabarar masu rufa-ido ita ce su hau dandali da kartar da tuni suka tsara, su bar masu kallo suna zaton a hargitse take. Shahararren tsari shi ne na Si Stebbins, laƙabin wani Ba'amurke mai wasan nishaɗi, William Coffrin, wanda ya buga shi wajen 1898, ko da yake Horatio Galasso ya bayyana irinsa a birnin Venice tun 1593. Kowane kati yana ɗara na gabansa da uku, gidajen kuma suna bin juna a jere. Bayan 4 sai 7, bayan 7 sai 10. Idan lissafi ya wuce 13 sai a koma farko. Da yake jerin zobe ne, a yanka kartar sau goma ma ba ya karyewa. Wani ya zari kati, mai wasa ya saci kallon wanda ke samansa, ya ƙara uku, ya matsa gida ɗaya, shi ke nan ya san abin da ke hannun mutumin. Yaron firamare zai iya koyon wannan tsakanin azahar da la'asar.

Aibin tsarin shi ne mai lura zai ga ja da baƙi suna musanya babu kuskure. Shi ya sa ƙwararru suka koma ga jerin da ba shi da wata ƙa'ida a ido, wanda sai an haddace shi baki ɗaya. Simon Aronson ya fitar da nasa a Amurka a 1979, Juan Tamariz na Sifen kuma ya rubuta littafi guda, Mnemonica, a kan nasa. A nan ake shan wuya. Dole mutum ya san katin da ke matsayi na 37 da matsayin kowane kati cikin ƙiftawar ido, gaba da baya, yana raha da jama'a, fuskarsa ba ta nuna yana ƙirga komai. Wasu kan ƙara da cakuɗar da ke raba karta gida biyu daidai, a saƙa su ɗaya-bayan-ɗaya. Idan aka yi ta sau takwas ba kuskure, katin sama yana nan a sama, kartar kan koma jerinta na asali. Mai kallo ya ga an cakuɗa sau takwas, alhali ko kati ɗaya bai ɓace wa mai ita ba.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba. Dillalin shanu a kara yana riƙe da masu dabbobi da farashi da bashin makonni a ka, maroƙi kuma yana jero nasabar gida guda har kaka da kakanni, ba a kuwa ce musu masu aljanu. Malamin nan na Katsina, Muhammad al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake gina hatimin lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Lissafi ne tsantsa, amma har yau ana kallon irinsa a matsayin asiri.

Abin da ya raba mai nishaɗi da macuci shi ne abin da kowannensu ya faɗa wa jama'a. Na farko ya ce zai ruɗi idonsu, suka yarda, suka yi dariya, suka ba shi abin da ya sawwaƙa. Na biyun ya ce yana da iko, ko ya ce wasan sa'a ne kowa na iya ci, alhali abokan cin mushensa ne ke “cin” kuɗin a gaban taro don a ga kamar ana samu. Hannun duka biyun iri ɗaya ne, shi ya sa haramta wasan hannu kacokan ba ya maganin komai: mai gaskiyar ya naɗe tabarmarsa, macucin kuwa ya koma wata kasuwar. A Ingila, Reginald Scot ya bi wata hanyar a 1584, lokacin da ake kashe mutane bisa zargin maita. Ya bayyana yadda ake yin dabarun dalla-dalla, don a gane babu shaiɗan a cikinsu.

Akwai masu cewa karta ƙanwar caca ce, koyar da ita ga yara buɗe ƙofar ɓarna ne. Wannan damuwa ba ta banza ba ce, musamman yanzu da cacar ƙwallo ta shiga kowace waya. Sai dai wanda ya ga yadda ake tsara karta da idonsa shi ne ya fi wuyar zama a gaban baƙo ya ajiye kuɗin tunkiyarsa. Su ma masu rufa-idon za su yi ƙorafin an tona musu asiri, amma tsarin Stebbins ya shekara fiye da ɗari a littattafai, kasuwarsu kuwa ba ta mutu ba.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan a Wudil, kuma ɗalibanta na lissafi za su iya kai wannan darasi makarantun sakandaren yankin da karta guda. Abin da za su ɗora a kai ma akwai shi. Persi Diaconis, wanda ya bar gida yana ɗan shekara 14 ya bi wani mai rufa-ido kafin ya zama farfesa a Stanford, shi da Dave Bayer sun nuna a 1992 cewa sai an yi wa karta cakuɗar saƙa ta yau da kullum kamar sau bakwai kafin jerinta ya ɓace. Irin cakuɗar da aka fi gani a majalisa, ta zaro 'yan kati daga wannan hannu a jefa wancan, tana bukatar dubbai.